Ni nake sa wa maigidana hannu a rajista, yanzu kweri ta same ni

Assalamu alaikum Baba. Ni ma'aikaci ne a ofishin Kano na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ina mataki na 7, shekarata 4 da kama aiki, kuma an tabbatar da ni. Shugaban sashenmu ɗan unguwarmu ne, aminin marigayi mahaifina. Shi ya tsaya mini har na samu aikin, kuma da mahaifinmu ya kwanta jinyar ajali shi ya biya kuɗin asibiti. Yana da shago a Kantin Kwari, saboda haka ba kullum yake leƙowa ofis da wuri ba. Kusan shekara 2 ke nan ni nake sa masa hannu a rajistar zuwa aiki. Ƙarshen wata yakan miƙo mini dubu 10 ya ce in sha mai. A goman ƙarshe na azumin da ya wuce ya tafi Umara bai ɗauki hutu ba, na ci gaba da sa masa hannu. Sai ga masu bincike daga Abuja ba sanarwa, suka tafi da rajistar. Jiya aka ba ni takardar tuhuma, wato kweri, an ce in amsa cikin awa 72. Ya kira ni ya ce in rubuta cewa ban san komai ba, shi kuma zai ce yana gari, yakan shigo da sassafe ya sa hannu ya fita. Mahaifiyata ta ce ambaton sunansa butulci ne, kada ta ji kada ta gani. Matata tana da cikin wata 7. Baba, in bi maganarsa, ko in yi shiru, ko in faɗi gaskiya?

Ɗanka, daga cikin birni

Wa alaikumus salam ɗana. Awa 72 ba ta jiran ranar fitowar wannan fili, shi ya sa na aika maka da gundarin amsar tun daren da saƙonka ya iso. Ga ta nan a buɗe, da yardarka, don na san ba kai kaɗai ne kake riƙe wa wani biro a garin nan ba.

Kada ka rubuta abin da ya ce ka rubuta. Zan zo kan zunubin ƙarya da hukuncinta, amma tun kafin nan, dubi ƙaryar kanta ka ga ko tana da ƙafar tsayawa. Mutumin da ya tafi Umara ya bi ta filin jirgi, jami'an shige da fice sun buga masa hatimi a fasfo ranar fita, sun sake bugawa ranar dawowa. Akwai biza, akwai tikiti, akwai hotunan da ya ɗauka a Harami ya tura wa jama'a, wataƙila har da mutanen ofishinku da suka amsa masa da Allah ya karɓi ibada. Ya dawo ya raba dabino da zamzam. Masinjan ofishinku ya sani, mai shara ta sani, mai gadi ya sani. Kwamiti ba ya buƙatar boka. Jimla ɗaya za a ce masa: Alhaji, kawo fasfonka gobe. Daga nan ƙaryarsa ta mutu, taka kuma tana nan kwance a fayil, da rubutun hannunka, da sa hannunka na gaskiya a ƙasa, da kwanan wata.

Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, mafi yawansu a sashen mulki, kuma na zauna a kwamitin ladabtarwa ba sau ɗaya ba. Bari in gaya maka yadda ake duba rajista, don kada ka zaci wani abu ne mai wuya. Ana shimfiɗa ta a kan tebur, a buɗe shafin watan da ake magana, a ɗauko na bara a ajiye gefe. Ba sai an kira ƙwararre ba. Layinka da nasa suna bin juna kullum, kai 7:52 shi 7:53. Biro iri ɗaya. Ranar da naka ya fara ƙarewa ya yi fari-fari, nasa ma ya yi fari-fari. Ranar da ka yi zazzaɓi ba ka zo ba, shi ma ba ya nan. Waɗanda suka ɗauke littafin nan ba don sha'awar bangonsa suka kai shi Abuja ba, kuma ba su ba ka kweri ba sai da suka ga abin da suka gani. Tambayar da ke cikin takardar, sun riga sun san rabin amsarta. Abin da ba su sani ba shi ne kai wane irin mutum ne.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi. Abin da ka yi ba ƙaramin laifi ba ne a ƙa'idar aiki. Kundin dokokin aikin gwamnatin tarayya, na 2008 da wanda aka sabunta a 2021, ya raba laifi gida biyu. Akwai rashin ɗa'a na yau da kullum: yawan makara, barci a bakin aiki, shigar da ba ta dace ba, talla a harabar ofis, jan ƙafa da gangan wajen aikin takarda, wulaƙanta jama'ar da suka zo neman biyan buƙata. Sai kuma babban laifi, wanda zai iya kai mutum ga kora. A cikinsa akwai cin hanci, da wawure kuɗi, da ɓoye fayil, da fallasa sirrin gwamnati, da barin aiki ba izini, da shigar da ƙarya cikin takardun hukuma. Naka shi ne na ƙarshen nan, domin rajista takardar hukuma ce, da ita ake kafa hujjar cewa mutum ya cancanci albashinsa. Nasa kuwa barin aiki ba izini, ga fita ƙasar waje ba tare da amincewar na gaba ba. Sannan ga shagon. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na 5, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci tafiyar da kasuwanci na ƙashin kansa, noma kaɗai aka ware masa. Na san idan aka ce yau za a bi wannan sahu-sahu, layuka da yawa a Kwari da Singa da Wambai za su yi shiru, kuma na san albashi ba ya kai wata. Amma rashin bin doka bai goge ta daga littafi ba, tana nan tana jiran ranar da za a buƙace ta.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne, mutumin yana da hutun shekara na kwana 30. Takarda guda zai rubuta, a sa masa hannu, ya tafi Makka da kwanciyar hankali. Ya gwammace ya ajiye hutunsa ya kashe naka mutuncin. Shi yana Kwari, kai kana da kweri.

Duk da haka, kasancewar laifi babba ba ya nufin an riga an kore ka. Takardar tuhuma tambaya ce, ba hukunci ba. Ƙa'ida ta ce sai an gaya wa ma'aikaci laifinsa a rubuce, a fayyace abin da ya faru da dokar da ya karya da irin hukuncin da zai iya biyo baya, a kuma ba shi dama ya kare kansa. Idan al'amarin zai iya kaiwa ga kora, yana da haƙƙin ganin takardun da aka kafa hujja da su a kansa. Tsakanin a wanke mutum da a kore shi akwai matakai: gargaɗi, gargaɗi mai tsanani, hana ƙarin albashi, rage girma. Masu zama a kwamitin mutane ne, suna da 'ya'ya sa'anninka, kuma suna duba abubuwan da ba a rubuta a tuhuma ba: laifin farko ne ko an saba, wa ya fara kawo shawarar, wa ya fi amfana, wane ne babba wane ne yaro, wa ya wahalar da su kafin ya amsa.

Ba na manta wasu mutum biyu da suka zo gabanmu a zama ɗaya, a wani ofishi da na yi aiki, kan ɓatan wani fayil. Ɗaya babba ne, ya rubuto shafi 6. Ya fara da tarihin hidimarsa, ya bi da maƙiyan da suka sa shi gaba, ya tona asirin mutum 4 da ba a tambaye shi ba, ya rufe da rantsuwa. Ɗayan masinja ne, layi 5 ya rubuta da turancinsa na firamare: shi ya ɗauki fayil ɗin, an ce ya kai gidan wane, ya kai, ya san bai kamata ba, yana neman afuwa. Shugaban kwamitin ya karanta na masinjan, ya cire tabarau, ya ce to wannan mun gama da shi. Gargaɗi aka ba shi. Mai shafi 6 kuwa sai da muka yi zama uku a kansa, kowane shafi ya haifo sabuwar tambaya. Baki shi ke yanka wuya, alƙalami ma haka. Ba alkawari nake yi maka cewa naka zai ƙare kamar na masinjan ba. Shekara 2 ba kwana 2 ba ce, za ka iya rasa mataki, kuma ƙofar kora ba a rufe take ba. Abin da na sani shi ne ban taɓa ganin wanda aka kama da ƙarya a gaban kwamiti ya samu sassaucin da mai amsa laifinsa yake samu ba.

To, yadda za ka rubuta. Shafi ɗaya ya isa. Ka fara da lambar takardar da aka ba ka da kwanan watanta. Ka amsa abin da aka tambaye ka, shi kaɗai. Ka ce kai ka sa hannun, bisa umarnin shugaban sashenka, ka faɗi tun yaushe idan an tambaya. Ka ce ka gane kuskure ne, girmansa da alaƙar da ke tsakaninku suka sa ka kasa cewa a'a, kuma ba ka kawo wannan don wanke kanka ba. Ka ambaci cewa ba a taɓa tuhumarka ba a shekara 4, in dai haka ne. Ka nemi sassauci, ka tsaya nan. Maganar shago, da inda yake yini, da wa ya san me, ba naka ba ne. Ba a tambaye ka ba, kada ka kai kanka. Idan aka tambaye ka a gaban kwamiti, ka faɗi abin da idonka ya gani, ka bar abin da kunnenka ya ji. Umarnin na gaba ba ya wanke mutum daga shigar da ƙarya a takarda, amma yana rage nauyi, musamman in akwai shaida. Saboda haka duk saƙon da ya taɓa turo maka a WhatsApp yana cewa a sa masa hannu, ka bar shi inda yake, kada ka goge ko ɗaya, ko da ya roƙe ka.

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ta hanyar da takardar ta ce a bi, ka tsaya a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin, da kwanan wata da lokaci, ka kai shi gida ka adana. Takardu suna da ƙafa a ofisoshinmu, kuma wanda amsarsa ta ɓata daidai yake da wanda bai amsa ba. Shirun da ka ambata ma ka cire shi daga lissafi: wanda wa'adi ya wuce bai ce komai ba, ana ɗauka ba shi da abin cewa, a ci gaba ba tare da shi ba. Kafin ka miƙa, ka nuna wa wakilin ƙungiyar ƙwadago ta ofishinku, ai don irin wannan rana ake yankar kuɗin ƙungiya a albashinka. In da hali, lauya mai sanin shari'ar ƙwadago ya karanta maka ita. Amma kada hoton kweri ko na rajista ya hau Facebook ko wani zauren WhatsApp da sunan neman addu'a. Ka yi rantsuwar riƙe sirri ranar da ka kama aiki, fitar da takardar hukuma laifi ne mai zaman kansa.

Dubu 10 ɗin nan ta fi damuna fiye da yadda ta dame ka, don ka ambace ta a wuce kamar ba komai ba. Ka tuna labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Auna naka da wannan mudu. Kuɗin asibitin mahaifinka alheri ne tsantsa, an yi shi kafin ka taɓa riƙe masa biro, Allah ya saka masa. Amma kuɗin man, yaushe ya fara? Kafin sa hannu ko bayansa? Kai ka san amsa. Daga yau ko sisi kada ka karɓa daga hannunsa har maganar nan ta mutu, ko da ya ce gudummawar haihuwa ce. Ba sai ka sa shi a takardarka ba tunda ba a tambaya ba, amma in aka tambaye ka ido da ido, kada ka musa.

Sai maganar Hajiya, wadda na san ita ce ta hana ka barci fiye da Abuja. Tana da gaskiyarta. Ita ta zauna a bakin gadon asibiti, ita ta ga wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma a wurinta mutumin nan ya tsaya a matsayin uba. Kada ka je mata da ƙa'idar aiki da lambar doka, ba za ta ji ba, kuma bai kamata ta ji ba. Ka ɗauki kawunka ko wani babba da take jin nauyinsa, ku zauna. Ka ce mata: Hajiya, asirinsa ba a hannuna yake ba, yana cikin fasfonsa. Ko na yi ƙarya ko ban yi ba za a gane ya tafi. Bambancin kawai, in na yi ƙarya mu biyu za mu faɗi, in na faɗi gaskiya wataƙila ni in tsira in riƙe ki da marayun da Baba ya bari. Ka gaya mata kuma cewa malamai ba su yi saɓani ba kan cewa biyayya ga iyaye ba ta kai ga shaidar zur. Uwa ce. Abin da take tsoro shi ne a ce ta haifi butulu, ka nuna mata cewa ba tona shi za ka yi ba, naka laifin za ka amsa.

Shi kuma maigidan naka, kada ya ji a bakin wani. Wannan shi ne haƙƙinsa a kanka, kuma a nan ne za ka biya wani abu daga bashin alherinsa. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i, kai da babban nan da ka ɗauka, kafin ka miƙa takardar. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba. Ka ce: Baba, abin da ka yi wa mahaifina ba zan manta ba har in mutu, amma ba zan iya rubuta cewa ban sani ba. Zan amsa nawa, ba zan ƙara ko kalma a kan abin da aka tambaye ni ba. Ka roƙe shi ya riga ka, ya rubuta da kansa cewa shi ya sa ka. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi gare shi ma, domin babban da ya ce yaron nan ba shi da laifi, ni na sa shi, yana samun wani irin kallo a kwamiti wanda mai musu ba ya samu. Zai iya fushi. Zai iya cewa ka ci amana, ya daina amsa gaisuwarka a masallaci. Ka jure, ka ci gaba da gaishe shi, ka ci gaba da zuwa gidansa da Sallah. In kuwa ya ce kada ka damu, yana da mutane a sama, ka tuna cewa mutanen sama in za su ciro mutum ɗaya daga rami, ba ɗan mataki na 7 suke fara miƙa wa igiya ba.

Abin da zai biyo baya, a taƙaice. Idan amsarka ba ta gamsar ba, maganar za ta je kwamitin manyan ma'aikata, wanda yake duba al'amuran 'yan mataki na 7 zuwa 13, kuma kana da damar ɗaukaka kuka zuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya. In wurin aikinku hukuma ce mai dokar kanta, ka nemi littafin sharuɗɗan aikinta, matakan sukan ɗan bambanta. Masu aikin jiha da ke karanta wannan, ku ma kuna da naku kundin da taku hukumar, tsarin dai kusan ɗaya ne. Ƙa'ida ta ce a kammala ladabtarwa cikin kwana 60 in ba maganar ta shafi kotu ba, ko da yake na sha ganin ta zarce. Ana iya dakatar da mutum yana karɓar rabin albashi, in an wanke shi a biya shi ragowar. Akwai kuma dakatarwar da albashi ke tsayawa cak. Korarre ba ya komawa aikin tarayya sai da amincewar hukumar, shi ya sa ko rage girma aka yi maka ka karɓa da hannu biyu.

In kuma aka tsallake ƙa'ida aka yi maka hukunci ba a saurare ka ba, kana da wurin zuwa. Mu da muka shiga aiki a 1984 mun tarar da manyanmu suna ba da labarin 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu a rediyo suka ji sunansu. A namu zamanin ma aka yi dokar soja mai lamba 17 ta 1984, wadda ta hana kotu sauraron wanda aka cire. Yau ba haka ba ne. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa, tun 1981 Kotun Ƙoli ta mayar da wani ma'aikacin gwamnatin tarayya mai suna Shitta-Bey bakin aikinsa saboda ba a bi dokokin aiki wajen cire shi ba, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a nan Kano. Sai dai kotu tana gyara hanyar da aka karkace ce, ba ta goge sa hannun da ka yi. Kuma in har za a je, a je da wuri, irin wannan ƙara ba ta son jinkiri.

Ka ci gaba da zuwa aiki kullum kafin takwas, kada ka ɓuya, kada ka kwanta ciwon ƙarya. Matarka kuma ka gaya mata da bakinka, a hankali, bayan ta ci abinci, kafin matan unguwa su kawo mata shi da ƙari. Albashin watan nan in ya shigo, ka fara ware kuɗin awo da na haihuwa ka ba ta ta ajiye, tunda ba ka san ko na wata mai zuwa zai zo cikakke ba. Ragon suna a bari sai an ga yadda kwamiti ya yi. Allah ya sauke ta lafiya. Ka rubuto mini bayan zaman farko.